Yaya, ga amsar tambayarka kan ɗiyarka da gidan marayu

Yaya, ka tambaye ni me zai sa yarinya 'yar shekara 14 ta taso tun daga Faransa, dangi a Maraɗi suna ta zuba ido, amma ta kwashe sati biyu tana wankin tsumman jarirai a wani gidan marayu can hanyar Madarunfa. Har ka ce ko al'adar Nasara ce muka kwaso. Maganar ta sosa mini rai, amma kai ne kawunta, dole in yi maka bayani.

Mu nan Liyon ba mu da zaure, ba mu da kaka a ɗakin baya, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga. Mace ta haihu, kwana uku ko huɗu a sallame ta daga asibiti, ta hau bene ita da jinjirinta, ba mai dafa mata ruwan wankan jego, ba mai dama mata kunun kanwa. Ni kaina haka na yi jegon wannan ɗiyar taka, ina kuka ina ba ta nono. Shi ya sa muka ɗaure zumuncinmu cikin ƙungiya, muka yi mata rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta Faransa ta 1901. Duk wata muna zuba kuɗi a asusu saboda suna, ciwo, ko rasuwa idan za a maida gawa gida. Yaranmu kuwa su ne 'yan aike: su ke hawa bas da kwanon tuwo su kai wa mai jego. Nasara ma suna da nasu, irin Restos du Cœur da ke rabon abinci lokacin sanyi tun 1985, kuma matasanmu kan tsaya bakin kanti suna tara musu taliya da madara. Da haka muke cusa musu abin da mu muka koya a wajen gayya, lokacin da muke noman gonar Baba a Tibiri ba wanda ya biya mu ko dala.

Abin da ɗiyarka ta gano can gidan marayun ne ya fi tsaya mini. Ta tafi da zaton duk yaran ba su da kowa. Ashe da yawansu uwa ce ta rasu wajen haihuwa, uba yana raye, kuɗin madarar gwangwani ne ya gagare shi. Akwai wata tsohuwa da ke zuwa duk ranar kasuwa da 'yar ƙwaryar fura, ta zauna gindin dogon yaro, ta kwance zani ta goya jikanta, tana yi masa tawai har ya yi barci. La'asar na yi ta sauke shi ta kama hanya tana share ido. Ɗiyarka ce ke karɓar yaron daga hannunta.

Ranar da za ta baro, yaron ya riƙe gefen hijabinta, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. A nan kam ina tare da kai, Yaya. Baƙo ya zo ya saba da yaro sati biyu ya ɓace, wannan ƙarin maraici ne. Ita ma da bakinta ta faɗa mini haka cikin jirgi. Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu ya yi wa mai ɗaukar nauyin maraya bushara da kusanci a Aljanna, kuma ɗaukar nauyi ba ziyarar hutu ba ce.

Yanzu kuɗin da take tarawa daga renon yaran maƙwabta za ta riƙa turo maka duk wata. Ka sayi madara da gidan sauro, ka ga damina ce, zazzaɓi ya yi yawa. Masu gidan sun ce idan madara ta samu, tsohuwar za ta iya tafiya da jikanta. Don Allah ka kai da kanka ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Ɗiyarka ta ce in tambaye ka ko yaron ya fara tsayuwa.