Tambaya da Amsa: Foldar ofis ta ƙi buɗe min

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. A ofishinmu akwai folda ɗaya kan sabar Windows, wato babbar kwamfutar ofis, da duk 'yan sashen kuɗi ke ajiye fayil, jiya aka saka ni a gurup ɗinsu amma har yanzu in na danna sai ta ce ba ni da izini, ita kuwa wadda muke tebur ɗaya tana shiga lafiya lau. Meye matsalar? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki fara fita daga akawun ɗinki gaba ɗaya ki sake shiga, ba kulle allo kawai ba, don Windows ba ta sanin an ƙara ki a gurup sai kin shiga sabo, sau da yawa ma a nan maganar take ƙarewa.

In ta ƙi, to ƙofa biyu ce da foldar, akwai izinin rabawa ta netwok akwai kuma na NTFS, wato izinin da aka sa wa foldar kanta, da ke shafin Security, wanda ya fi tsauri shi ke aiki, ko an buɗe miki ɗaya in ɗayar a rufe take kina waje. Ki sa mai kula da kwamfutocinku ya duba sunanki a Effective Access, wato wurin da ke nuna ainihin izinin da mutum ke da shi, ya kuma duba ko kina wani tsohon gurup da aka sa wa Deny, wato hani, don shi yana danne Allow, wato ba da izini.

Amma don Allah kar ya ba Everyone, wato kowa da kowa, cikakken izini don a huta, albashin mutane ne a ciki.