Tambaya da Amsa: In saya wa 'yata dukushi?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 11 ta kalli wani tsohon wasan talabijin na wata 'yar manomi da ta raini dukushinta har ya girma, tana sukuwa a kansa ba sirdi ba linzami. Tun ran nan ta hana ni sakat. Fili dai ina da shi a gida. In sayo mata dukushi su tashi tare?
Mai karatu, daga Tawa

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayo dukushi. Dokin da ta gani horarre ne, kuma a irin waɗannan wasanni sau da yawa dawaki biyu ko uku ke fitowa a matsayin guda, wani gwani kuma shi ke yin sukuwar daga nesa. Dukushi ba a hawansa sai ya kai shekara 3 zuwa 4, horonsa kuwa aikin ƙwararre ne. Nemi goɗiya mai sanyin hali ko dandaƙaƙƙen doki, ɗan shekara 8 zuwa 12. Ingarma ko kyauta ne a bar shi.

In za ka kasuwa, Badagishiri ko Abalak, tafi da wanda ya san haƙori. Haƙoran nono na tsakiya suna faɗuwa a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Dillali zai rantse maka dokin ya cika shekara shida, to buɗe bakin ka gani. A ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri: in kansa na ɗagawa duk lokacin da ƙafar gaba ɗaya ta taka, wannan ƙafar ce mai ciwo. Shafa bayansa, farin gashi inda sirdi ke zama tabon tsohon miki ne.

Ciyarwa ita ce nauyin da wasan bai nuna ba. Doki mai kilo 300 yana cin ciyawa da harawa kamar kilo 6 a rana, ruwa lita 30 zuwa 50 da bazara. Gero ko dawa kada ya wuce rabin tiya a rana tunda aikinsa kaɗan ne, a raba safe da yamma. Doki ba ya amai, shi ya sa hatsi mai yawa a zama ɗaya ko harawa mai funfuna ke kawo ciwon cikin da ke kashewa. Kada a zuba masa a kan rairayi, yashi na taruwa a hanjinsa. A hana shi gyauron dawa, yana da guba. In ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayar cikinsa, yana son birgima, ɗauke abincin ka kira likitan dabbobi nan take.

Kofato a gyara duk mako 6 zuwa 8. Linzaminmu mai zobe yana yanka baki a hannun ɗan koyo, saboda haka ta fara da ragama, babba na riƙe da igiya, kuma ta sa takalmi mai dunduniya don kada ƙafarta ta zarce cikin likafa.