Tambaya da Amsa: Yaushe likitoci suka fara huda maƙogwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin aikin jinya ne a Tahoua. Huda wuya da ake yi a sa bututun numfashi, aikin zamani ne ko ya daɗe? Kuma me ya sa malamanmu suke matsa mana a kan wurin da ake hudawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A rubuce aikin ya tsufa, a aikace ne aka daɗe ana tsoronsa. Tun ƙarni na 2 likita Antyllus ya ce a yanka a gicciye tsakanin zoben guringuntsin maƙogwaro na uku da na huɗu, amma kaɗan ne suka gwada, don an ɗauka guringuntsi ba ya haɗewa in an yanka shi. Malaman Andalus ne suka rage wannan tsoro. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1013, ya ɗinke wuyan wata kuyanga da ta yanki kanta da wuƙa har iska na fita ta raunin, ta kuma warke. Ibn Zuhr, a ƙarni na 12, ya huda maƙogwaron akuya ya yi jinyarta, ta rayu. A 1546 Brasavola na Italiya ya wallafa bayanin majinyacin da ya yi wa aikin ya tashi.

Mashaƙo ne ya tilasta wa likitoci rungumar aikin. A 1825 likita Bretonneau ya ceci wata yarinya mai mashaƙo da wannan aikin a Tours ta Faransa, ɗalibinsa Trousseau kuma ya dage a yi shi da wuri, kada a jira yaro ya galabaita.

Malamanku kuwa suna da gaskiya. Maƙogwaron babba santimita 10 zuwa 12 ne, da zobba 16 zuwa 20, buɗaɗɗu ta baya. Cikakken zobe ɗaya ne tak, wanda yake ƙarƙashin zakaran wuya. Likitocin da can sukan yanka kusa da shi cikin gaggawa, saboda nan ya fi kusa da fata, sai tabo ya tsuke hanyar, bututu ya ƙi ciruwa. Chevalier Jackson na Amurka ya tsara aikin a 1909, a 1921 kuma ya nuna yankan sama ne ke jawo tsukewar. Yadda ake yi ke nan: a tokare kafaɗu kai ya koma baya, a yanka fata tsakanin wancan zobe da ramin saman ƙirji, a raba tsoka ta tsakiya, a kawar da gadar ƙullin da ke zama maƙoƙo, a tsayar da jini, sannan a buɗe tsakanin zobe na biyu da na huɗu. In aka yi ƙasa da yawa, bututu na iya cin babbar jijiyar jini da ke gitta wurin.

A ƙasarmu a ƙara da hunturu. In an sa bututu, iska ba ta bi ta hanci balle ta jiƙa, sai majina ta bushe ta toshe bututu. A riƙa wanke bututun ciki, a kuma jiƙa iskar.

Tambaya: Daga Yamai nake. Maigidana yana shan wuya wajen numfashi tun bayan cire masa bututu, likita ya ce maƙogwaro ya tsuke. Ana gyarawa?

Amsa: Ana gyarawa, Hajiya. Sau da yawa balan-balan ɗin jikin bututu, wanda ake hurawa don ya toshe gefen bututun, shi ne sanadi: in an hura shi matsinsa ya wuce awon santimita 30 na ruwa, jini ba ya kaiwa bangon maƙogwaro, sai ya yi gyambo, ya warke da tabo. Buɗa wurin ta ciki na sa a samu sauƙi, amma yakan koma. Gyara mai ɗorewa shi ne a yanke wurin da ya tsuke. A da an ɗauka santimita 2 kawai za a iya yankewa. A shekarun 1960 Hermes Grillo na Boston ya nuna ana iya cire kusan rabin tsawon a haɗa bakin biyu. Bayan aikin akan ɗinke haɓa da fatar ƙirji kamar mako guda, don kada a ɗaga kai ɗinki ya ɓalle. In numfashinsa ya fara fito yana zaune, a kai shi asibiti nan take.