Na ba ɗan kwangila ginin filaza, ko akwai sauran alhaki a wuyana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne a Abuja, zan gina filaza mai hawa uku a Kubwa, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Na daidaita da ɗan kwangila, komai na hannunsa. Kwanan baya wani lebura ya faɗo daga sama a ginin maƙwabcina ya karye, aka yi ta jayayya a kan wanda zai biya kuɗin asibiti. Idan irin haka ta faru a wurina, ba ɗan kwangila ne ke da alhaki ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa a fara a sa'a. Ɗan kwangila yana da nasa alhakin, amma naka bai sauka ba don ka sa hannu a takarda ka biya kuɗi. Abubuwa uku da suka fi jawo haɗari a wurin gini duk a hannunka suke: wanda aka ba aikin, kuɗin da aka ware, da wa'adin da aka ɗiba.

Mu fara da doka. Dokar inshora ta 2003, sashe na 64 (sabuwar dokar inshora ta 2025 ta maye gurbinta, amma wajibin inshorar yana nan), ta haramta wa mutum ya sa a yi gini da ya wuce hawa biyu ba tare da inshora ba, wadda za ta biya diyya in ma'aikaci ko mai wucewa ya ji rauni ko ya rasu, ko aka yi wa dukiyar wani ɓarna. Wanda ya sa a yi ginin dokar ta ambata, wato kai, kuma filazarka ta shiga ciki. Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashinsu a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyyar ma'aikata. Kafin ka saki kuɗin farko, ka ce ɗan kwangila ya kawo shaidar yana biya. Izinin gini kuwa a Abuja daga sashen kula da gine-gine na hukumar AMMC mai kula da birnin Abuja yake fitowa, kuma abin da aka amince a zanen shi za a gina.

A Birtaniya an fi fayyace wannan. Dokarsu ta kariya a wurin gini, wato CDM ta 2015, ta ce idan 'yan kwangila sun wuce ɗaya, dole mai aikin ya naɗa babban mai zane da babban ɗan kwangila a rubuce, in bai naɗa ba nauyinsu ya dawo kansa. Dole ya ba da isasshen lokaci, ya tabbatar an rubuta tsarin kariya kafin a fara, ya tanadi banɗaki da ruwa. Dokar ba ta aiki a Nijeriya, amma ita nake ba masu gini shawarar su auna kansu da ita.

Batun zaɓen mutane, kada ka tsaya a kan "ai shi ya gina wa wane". Ka nemi lambar rajistar kowa a hukumar sana'arsa: injiniya a COREN, mai zane a ARCON, magini a CORBON. Abin da ya fi wannan muhimmanci, injiniyan da zai sa ido a aikin ya zama naka, kai kake biyansa, ba yaron ɗan kwangila ba. Wanda ke cin abinci a hannun ɗan kwangila da wuya ya iya cewa a fasa ginshiƙin da aka zuba ba daidai ba. In kuma injiniyanka ya ce a tsaya, a tsaya. Benen Ikoyi mai hawa 21 da ya rushe a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe fiye da mutum 40, har da mai ginin kansa, alhali tun a 2020 kamfanin injiniyan da ke duba aikin ya rubuta takarda ya janye hannunsa.

Sai kuɗi, kuma a nan na fi son ka saurare ni. Idan mutum uku sun kawo farashi, ɗaya ya yi ƙasa sosai, ka tambayi kanka daga ina zai cike giɓin. Araha ba ta ado. Ba zai taɓa tayil da fenti ba, tunda su za ka gani. Zai sa rodi mai milimita 12 inda zane ya ce 16, ya ƙara yashi a kwaɓi, ya kafa wurin takawa da busasshiyar gora da tsohon katako. Ka shiga irin wannan wurin ranar zuba dekin ka gani: leburori ɗauke da kwanon kankare a ka, da silifas a ƙafa, suna hawa katako ɗaya mai lanƙwasa, babu abin dafawa, a ƙasa kuma rodi ne a tsaitsaye da bakinsu a buɗe. Wanda ya zame a nan ba karaya kaɗai zai yi ba. Don haka ka sa a rubuta kuɗin kariya daban a lissafin kwangila: ƙarfen takawa mai shinge, hular kwano, takalma, ɗamarar aikin sama, akwatin magani, katangar kwano da za ta hana yara da masu talla shiga. Abin da aka rubuta da farashinsa, kana da bakin tambayarsa.

Wa'adi ma haka. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Idan ka matsa sai an buɗe shaguna kafin Sallah saboda ka karɓi kuɗin haya, kafinta zai cire turaku dekin bai nuna ba, a jibga bulo a kai. Injiniya ne zai faɗi ranar cirewa, ba kai ba, ba kafinta ba. Kuma in sha'awar ƙara hawa ta zo maka a tsakiyar aiki, a koma wa injiniya ya sake lissafi, a koma a sabunta izini. Harsashin da aka yi wa hawa uku bai san da na huɗu ba.

Abin da ka sani game da filin, ka miƙa shi tun kafin a haƙa rami: sakamakon gwajin ƙasa, ko an taɓa cike wurin, inda bututun ruwa ya bi, da wayar wutar AEDC, kamfanin rarraba lantarki na Abuja, in ta ratsa kusa. Rodi mai tsawon mita 12 in aka ɗaga shi kusa da babbar waya, rai ake magana.

Ba a ce ka tare a wurin kullum ba. Ka sa a yi zama akai-akai da injiniya da ɗan kwangila, a rubuta abin da aka gani, ka kuma riƙa leƙawa ba sanarwa. Ka saka a yarjejeniya cewa injiniyanka na da ikon dakatar da aiki, kuma ba a biyan kuɗin wani mataki sai ya sa hannu. A rubuta asibitin da za a kai wanda ya ji rauni, da motar da za ta kai shi, da wanda zai biya nan take kafin inshora ta fito, domin jayayyar da ka gani a ginin maƙwabcinka daga rashin wannan ta taso.

Ranar karɓar makullai, ka karɓa tare da zanen yadda aka gina a zahiri, da sakamakon gwajin kankare, da taswirar wayoyi da bututu. Duk mai gyaran da zai huda bango nan gaba zai buƙace su. Filaza kuma wurin shigar jama'a ce, dokar inshora ta wajabta mata inshorarta daban bayan an buɗe.