Faifan da zan saya wa Baba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifina ya yi karatu a Ingila, kuma har yau yana yawan ambaton wani kiɗan Turawa mai suna The Lark Ascending. Ina so in saya masa faifansa, sai na tarar makaɗa da yawa sun buga shi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya yi miki albarka.

Ralph Vaughan Williams ne ya tsara kiɗan a 1914, daga wata rubutacciyar waƙa ta George Meredith a kan ɗan tsuntsun nan na karkarar Ingila da ke tashi sama yana rera kuka ba kakkautawa. Yaƙin Duniya na Farko ya shiga tsakani, sai a 1920 aka fara jin sa, Marie Hall tana goge, wani yana raka ta da fiyano. A Yunin 1921 aka buga shi a Landan da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, Adrian Boult yana jagora. To, ki duba bayan kwalin tun kafin ki biya, don har yanzu ana sayar da iri biyun. Na ƙungiyar makaɗa shi ya fi yaɗuwa, kuma ina kyautata zaton shi Baba ya sani.

Da ni ne, na mai goge Hugh Bean zan ɗauka, wanda aka naɗa a 1967. Boult ɗin nan dai shi ya sake jagora, bayan shekara 46. Bean ba ya nuna gwaninta. Gogensa na farawa can ƙasa-ƙasa, ya hau, ya ɗan dakata kamar tsuntsun ya tsaya cak a iska, sannan ya ƙara hawa, a ƙarshe kuma ƙungiyar ta yi shiru ta bar shi shi kaɗai har sautin ya ɓace. Kiɗan abin da yake so ke nan. Wasu makaɗan sukan cika shi da kwalliya, har mutum ya manta da tsuntsun ya koma kallon mai gogen.

Idan ba ki samu ba, wanda Iona Brown ke goge, Neville Marriner yana jagora, shi ma ba ya da laifi.

Kiɗan minti 15 ne ko kusa da haka, shi ya sa ba a sayar da shi shi kaɗai. Za ki same shi haɗe da wasu kaɗe-kaɗen, kada hakan ya ruɗe ki. Ki fara saurare a YouTube tare da Baba, ki ga wanda zai sa ya gyara zama.

Sai dai ki rage wani abu daga kuɗin ki saya masa abin sa wa a kunne mai kyau. Lasifikar waya ba ta ɗaukar farkon kiɗan nan, balle in janareton maƙwabta na aiki.