Manaja yana yanke min albashi, ya halatta in cire haƙƙina daga kuɗin ciniki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kashiya ne a wani babban shagon sari, shekarata uku a wurin. Manajan da mai shagon ya ɗora mana yana zagina a gaban masu sayayya, yana da 'yan kai masa rahoto a cikinmu, kuma wata huɗu ke nan yana yanke min naira 15,000 a albashi wai kuɗi sun yi giɓi, alhali ba ni kaɗai ke buɗe durowar ba. Barci ya ƙaurace min, a kan iyalina nake huce haushi. Wani ya ce malamai sun halatta in ɗebi daidai abin da aka ci min daga kuɗin ciniki a ɓoye. Haka ne? Kuma in na kai ƙararsa na yi giba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya yaye maka wannan damuwa.

Kai ƙara ba giba ba ce. Wanda aka zalunta yana da damar faɗa wa wanda zai iya cire masa zaluncin, babu saɓani a nan. Sai dai ka faɗa wa mai shago, ban da zaman gulmar manaja a bayan sito ko a zauren WhatsApp na ma'aikata, inda su 'yan rahoton nan suke karanta komai.

Yankan albashin ma zalunci ne. Ma'aikaci irinka amintacce ne a shari'a, ba ya biyan abin da ya ɓata sai in an tabbatar ya yi sakaci ko ganganci. Durowar da hannu fiye da ɗaya ke shiga ba a ɗora wa mutum ɗaya giɓinta.

Maganar ɗiban kuɗi kuwa, amsarta a'a. Wanda ya ba ka shawarar ya ji wani abu daga mas'alar da malaman fiƙihu ke kira zafar, wato mutum ya samu dama a kan dukiyar wanda ya danne masa haƙƙi. Shafi'iyya sun halatta, Hanafiyya sun halatta in jinsin dukiyar ɗaya ne, Hanbaliyya sun hana. Masu halattawa suna kafa hujja da Hindu matar Abu Sufyan, wadda Annabi (SAW) ya yi wa izinin ɗibar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta daga dukiyar mijinta. To amma dubi naka lamarin da kyau. Wanda ya zalunce ka manaja ne, kuɗin da ke cikin durowa kuma na mai shago ne, wanda wataƙila bai ma san ana yanke maka ko sisi ba. Babu malamin da ya ce ka rama cutar Audu a dukiyar Tanko. Ko da a ce mai shagon ne da kansa ya ci maka, kuɗin nan amana ce aka damƙa a hannunka, kuma a Mukhtasar na Shaihu Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, a babin ajiya, an hana mutum ya ɗeba daga amanar wanda ya zalunce shi. Inda ya halatta karɓar haƙƙi ma, ya sa sharaɗin a aminta daga fitina da zubewar mutunci. Kai ina amincin yake? Ranar da aka yi lissafi aka ga giɓi na gaske, ka tabbatar wa manaja ƙaryarsa da hannunka, sunan ɓarawo ya hau kanka, ko a raba asarar a kan yaran shago da ba su ji ba ba su gani ba. Haƙƙin Hindu ciyarwa ce da kowa ya san sababinta, naka kuwa kai kaɗai ka yi lissafinsa, kai ne mai ƙara kai ne alƙali.

Ga abin da za ka yi. Daga gobe kada ka karɓi durowa ko ka miƙa ta sai an ƙirga kuɗin a gaban mutum na uku, an rubuta adadin da lokaci, kowa ya sa hannu. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a gida, ba a shago ba, ka rubuta kwanan watan kowane yanka, nawa aka cire, wa ke wurin. Ka adana saƙonnin banki na albashinka. Sannan ka nemi ganin mai shago tare da dattijon da yake jin nauyinsa, ka tafi da lissafin naira 60,000 a rubuce, kada ka tafi da zafin rai. In bai saurare ka ba, akwai shugabannin kasuwa, akwai Hisba a jihohin da take, akwai ofishin ƙwadago. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki, in ba ka da su ka nema.

Ka kuma rarrabe tsakanin shugaba mai tsanani da azzalumi. Mai tsanani aikinka yake gyarawa, dokarsa ɗaya ce ga kowa. Wanda ke taɓa mutuncinka a bainar jama'a yana haɗa ma'aikata faɗa, wannan da wuya ya sauya. Barin irin wannan wuri ba rashin haƙuri ba ne, ba kuma butulci ba. Amma kai mai iyali ne, kada ka ajiye aiki cikin fushi. Ka yi istihara, ka fara neman wani a hankali, in ka samu ka ba da sanarwa. Ga wanda ya yi shekara 2 zuwa ƙasa da 5, dokar ta ce mako biyu, sai in yarjejeniyarku ta tanadi fiye da haka. Kafin nan ka cika aikinka, domin zaluncinsa bai halatta maka ha'inci ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne gidanka. Matarka da 'ya'yanka ba su yanke maka albashi ba. Ka zaunar da ita ka faɗa mata halin da kake ciki, ka nemi afuwarta. Rashin barcin nan kuma kada ka raina shi, ka je a auna maka jini a wannan makon, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka ga likita.

Allah ne Mafi sani.