Danfo ya kusa kashe ni jiya, tazara nawa zan riƙa bari?

Tambaya: Salam Malam. Acaba nake yi a Agege, wata huɗu kenan. Jiya danfo, wato bas ɗin haya na nan Legas, ya ci birki a gabana zai ɗau fasinja, saura ƙiris in shige ƙarƙashinsa, har yanzu jikina rawa yake. In na bar fili kuma sai wani ya cuso kai. Abokan aikina sun ce in bar tsoro, wai mashin ya fi mota saurin tsayawa. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara tsarewa. Abokan naka ka gaishe su, ka ce na ce ba haka ba ne.

Wallahi na gaji da jin maganar nan ta wai mashin ba nauyi, nan take yake tsayawa. Wa ya koya musu? Mota tayoyi huɗu gare ta, direba ya danne birki iya ƙarfinsa tana nan daram. Kai biyu gare ka, kowacce inda take taɓa kwalta bai kai tafin hannu ba, ga fasinja a baya, wata rana har da kwandon tumatir daga kasuwar Mile 12. Ka damƙe birkin gaba a firgice ya watsar da kai, ka taka na baya shi kaɗai taya ta zame ka tafi da gefe. Kuma tun kafin a zo maganar birki ma, in kana gudun kilomita 40 a awa, mita 11 kake ci a sakan ɗaya, sakan ɗayan nan kuwa shi ne ido ya gani, hannu ya kai ga birki. Ka riga ka cinye fiye da tsawon danfo biyu kenan ba ka fara tsayawa ba. To ina rashin nauyin ya cece ka? Masu ɗaura laya a kan mashin su lafe a bayan tirela kuwa, ba zan ma ɓata bakina ba.

Ka bar sakan 3. Motar gabanka ta wuce falwaya, ka ƙirga dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku, in ka iso kafin ka gama ka matse da yawa. Ana ruwa ka ninka. Wanda ya cuso kai ka bar shi ya wuce, ka sake ja baya.

Danfo kuma kar ka dogara da fitilar birkinsa, da yawa a mace take. Ka riƙa kallon bakin titi, da ka hango mutum ya ɗaga hannu ko kwandasta ya buga jikin mota, fara rage wuta.